Keke na Goma Sha Biyu

Shekara arba'in da bakwai Baba ya yi yana gyaran keken ɗinki, kuma ba a taɓa jin keke ya gagare shi ba. Sai ga shi wata safiya ya sunkuya zai ɗauki takalminsa, hannun dama ya ƙi zuwa. Kafin rana ta take yana kwance a asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Ƙafa ta dawo cikin sati uku, da taimakon sanda. Baki ya miƙe, har ya fi da kaifi, in ka tambayi Mama. Hannun ne kawai ya kwanta a cinya ya ƙi tashi.

Ranar sallama likitar da ke koya wa marasa lafiya motsa jiki ta ja Auta gefe. Auta ita ce 'yar Baba ta ƙarshe, tela ce, shekararta talatin da takwas da 'ya'ya uku, amma a gidan nan har gobe Auta ce. Likitar ta gaya mata gaskiya ba kwana-kwana: watannin farko su ne komai. In hannun ya yi aiki yanzu zai dawo, ko da ba duka ba. In aka bar shi a kwance, yatsun za su ƙanƙame, daga nan kuma sai haƙuri. Ta ba su jan ƙwallon roba, ta ce ya riƙa matsawa sau ɗari da safe, sau ɗari da yamma.

Baba ya juya ƙwallon a hannun hagu, ya dube shi, ya dubi Auta.

"Da furfurata za a ba ni abin wasan yara? Hannun da ya ciyar da ku bakwai, shi ne yau zai zauna yana latsa roba?"

Ya sake shi, ƙwallon ya gangara ƙarƙashin gado, kuma can ya tare.

An yi lallashi, an yi faɗa. Yaya, babban wansu, malamin makaranta ne, ya zo da takardu masu hotunan yatsu ya yi wa Baba darasi na awa guda, Baba ya yi barci a tsakiya. Mama ta yi mita har muryarta ta dishe. Duk wanda ya san Baba ya san in ya ce a'a, to ko bango ya fi shi jin magana. Ita kuwa Auta kullum da yamma in ta biyo daga shago sai ta saci kallon hannun. Ta ga ɗan yatsan ƙarshe ya fara lanƙwashewa ciki, na kusa da shi yana shirin bin sa. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci.

Dabarar ta zo mata ne a shago. Shagonta na cikin wani dogon layi na teloli, ƙofa na kallon ƙofa, kowa na jin ƙarar keken kowa. Maƙwabciyarta, wadda ake kira Mai Labule don ba ta ɗinka komai sai labule da zanen gado, ta leƙo tana tambayar jikin tsoho, ta ce, "Mutumin da ko kana gaishe shi kunnensa na kan kekenka, a ce yau yana zaune ba aiki? Ai zaman ne zai kashe shi, ba ciwon ba."

Auta ta dubi kekenta. Lafiyarsa lau, ko tari ba ya yi. A gefen teburin Baba ta tashi, ita ce mai miƙo masa sukundireba tun ba ta iya faɗin sunan ba, don haka ta san inda ake taɓa keke ya rikice. Ta buɗe marfin gaba, ta sassauta sukurun da ke riƙe sandar allura, ta ɗaga sandar kamar kaurin farce, ta ɗaure. Da ta taka, ɗinki ya fara tsallake, biyu su kama, na uku ya wuce.

Da yamma ta cire kan keken ta sa a tasi, ta dire shi a kan teburin falo, daidai inda idon Baba zai faɗa.

"Me ya same shi?" in ji Baba, yana yi kamar bai damu ba.

"Tsallake yake yi. Ba komai, ajiye shi zan yi a nan, gobe in kai wa makanikin nan na bakin kasuwa."

"Wane? Mai gudumar nan?"

"Shi. An ce yanzu ya iya."

"Ya iya kashe keke dai! Ke ɗauko mini akwatina."

Wannan gyara kuwa ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Dole ɗaya ya riƙe sandar a inda ake so, ɗaya ya ɗaure sukuru. Auta ta san haka, shi ya sa ta zaɓe shi. Baba ya ƙwalla wa Mama kira ta zo ta riƙe masa, Mama ta amsa daga bayan gida cewa hannunta duk kumfar sabulu ne. Ya waiwayo wajen Auta, ya tarar ta kara waya a kunne tana ta "na'am, na'am" da wanda babu shi, tana ficewa waje. Ta labulen taga ta tsaya tana leƙe. Baba ya daɗe yana kallon hannun damansa. Can ya sa na hagu ya ɗauko shi ya ɗora a kan sandar, ya matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya har suka kama. Sandar ta zame, ya sake. Aikin minti biyu ya ci masa minti arba'in, gumi har wuya, amma ya gama. Auta ta koma bayan ƙofa ta share ido kafin ta shigo.

Daga nan aka shiga yi wa Baba shigo-shigo ba zurfi. Mai Labule ta bi layi shago shago, kuma ba wanda ya ƙi, don kusan duk keken da ke layin ya taɓa kwana a teburin Baba. Duk bayan kwana biyu, da safe, Auta kan je shagon wanda layi ya zo kansa, ta ɓata masa keke da hannunta. Wannan ta karkatar masa da haƙoran da ke jan yadi, wancan ta rikita masa abin daidaita zare. Kullum tana zaɓar gyaran da sai da hannu biyu. Mai keken ya ɗauko ya kawo da fuskar tashin hankali, wasu har suna wuce gona da iri. Wani dogon tela ya riƙa salati yana dafe kai kamar an yi masa gobara, sai da Auta ta taka masa ƙafa.

Hannun kuwa ya fara farkawa. A keke na biyar babban yatsa ya haɗu da manuni. A na takwas Baba ya riƙe kofin shayi da dama, ya zubar da rabi, ya shanye rabi. Da suka koma asibiti likitar ta ce lallai ana matsa ƙwallo yadda ya kamata, Baba ya ce, "Ƙwarai kuwa," ko ido bai ƙifta ba.

Sai keke na goma sha ɗaya, na Mai Labule da kanta. Baba ya buɗe marfin gaba, bai taɓa sukuru ba. Ya zura yatsa ciki, ya zaro, ya ɗaga shi a hasken taga. Yatsan fes, sai ɗan sheƙin mai.

"Ke Mai Labule, yaushe rabonki da share cikin kekenki?"

"Ni? Ai… kwanan nan, Baba."

"Shekara goma sha tara ina gyara miki keken nan. Duk zuwa sai na kwashe burbushin zaren da zai cika matashi. Tela da share keke? A ina aka taɓa yi?" Ya juya ga Auta. "Keke goma sha ɗaya, daga shago goma sha ɗaya, duk cikinsu tas. Duk sukurun da aka kwance an ɗiga masa mai tukuna, ba a ci bakinsa ba ko kaɗan. Mutum ɗaya na koya wa wannan a duniya."

Abin da ya tona ta ke nan. Auta ba ta iya buɗe keke ta ga datti ta rufe. Kafin ta ɓata sai ta share, ta goge, ta sa mai, kamar mai neman gafarar keken. Ba ta ma san tana yi ba.

Mai Labule ta tuna ta bar shago a buɗe, ta fice ko keken ba ta ɗauka ba.

"Kifi na ganinka, mai jar koma," in ji Baba. "Tun na huɗu na sha jinin jikina. Na yi shiru, na ce ko a ciki akwai na gaske. Gaya mini, Auta. Ko ɗaya akwai wanda ya lalace da kansa?"

Ta so ta yi ƙarya ɗaya ta ƙarshe, bakinta ya ƙi.

"Babu, Baba."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi jin daɗi. Ya mayar da kayan aikinsa cikin akwati ɗaya ɗaya, da hannun hagu, ya rufe. Ya ce Mama ta tura shi bayan kabad.

Ranar hutu aka taru a kicin ana shari'ar abin, murya ƙasa ƙasa. Yaya, da yake ba ya ganin magana ya bar ta ba a rarrabe ba, ya ce dole a fara sanin sunan laifin kafin a je ba da haƙuri.

"Zamba dai ba ita ba ce, don ba a ci masa komai ba. Damfara ma haka. Amma yaudara ce, Auta, kar ki ji haushi. An nuna masa abu a matsayin abin da ba shi ba."

"Yaudarar me?" in ji Mama. "Yaudara ai sai da mugun nufi. Wannan dabara ce. Shekara hamsin ina yi masa irinta, da ban yi ba da ko maganin zazzaɓi bai taɓa sha ba."

"To ke Mama ba a taɓa kama ki ba. Dabarar da aka kama ai ta zama wayo."

Mai Labule, da ta zo ɗaukar kekenta ta samu ana yi, ta ce ita a wajenta shammatarsa kawai aka yi, kamar yadda ake zare wa mutum ƙaya yana kallon wani gefe. Yaya ya ce shammata sau ɗaya ake yi, wadda aka yi sau goma sha ɗaya kuwa sunanta ninkewa baibai. Mama ta ce in bai rufe mata baki da nahawunsa ba za ta ninke shi da ludayi.

Auta ta bar su suna yi. Ta tashi ta shiga wurin Baba, ta durƙusa a gaban kujerarsa ta ce ya yafe mata, ko me sunan abin da ta yi.

"Na ji su ai, bangon nan ba kauri gare shi ba," ya ce. "Duk ba su faɗi daidai ba. Da cutata kika yi, da na san yadda zan yi da ke. Tausayina kuka ji, ke da layi guda. Ina nan ina gumi, ina cewa har yanzu ana buƙatata, ashe wasan yara aka shirya mini. Na yafe miki. Amma kada ki sake kawo mini keke."

Kwana tara akwatin na bayan kabad. Kofin shayi ya koma hannun hagu. Ɗan yatsan da ya miƙe ya fara komawa gidan jiya, Auta na gani, ba ta da bakin magana. Ta yi nadamar kama ta da aka yi, ta yi nadamar abin da ta yi, kuma ta rasa wanne ya fi damunta.

A rana ta goma, tana tsakiyar ɗinkin kayan wata makaranta, riguna sittin da za a karɓa ƙarshen sati, allura ta karye. Ta sa sabuwa, ta taka, zare ya cukurkuɗe. Ta warware, ta sake, ya tsinke. Ta duba duk inda ta sani, ba ta ga komai ba. Mai gudumar nan dai ko a mafarki ba za ta kai masa ba. Da sassafe ta dire kan keken a teburin falo, a wuri ɗaya da na farko.

"Baba, wallahi wannan ba ni ba ce."

Ko kallon teburin bai yi ba. "Ki mayar da abin da kika kwance," ya ce. Ya dogara sandarsa ya shige ɗaki, ya saki labule.

Mama ta ɗaga kafaɗa, irin ta wa ya aike ki. Auta ta jawo kujera ta zauna, tun da ba mai yi mata sai ta yi da kanta. Ta kwantar da kan keken, ta ciro ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa, ta hura, ta mayar. Ta sa hannu ta juya wilin da ke gefen kan keken a hankali. Wata 'yar ƙara ta fito, ƙyas, kamar an taka tsakuwa a kan siminti. Ta sake juyawa don ta ji daga ina take. Ƙyas. Ta ce bari ta juya da ƙarfi, ko abin ya wuce da kansa.

Ba ta ji fitowarsa ba. Sai dai ta ji an damƙe mata wuyan hannu.

"Kada ki sake juyawa! Kurma ce ke? Ƙarfe ne ke cin ƙarfe!"

Ta tsaya cak. Sandarsa na hannun hagu, a kanta ya dogara. Wanda ya riƙe ta na dama ne, yatsu huɗu sun zagaye, na ƙarshen yana ta ƙoƙarin bin 'yan uwansa. Riƙon ba na da ba ne, amma riƙo ne. Shi ma ya duba ya gani. Ya sake ta da sauri, ya yi gyaran murya.

"Tashi mini a kujera. Ke Mama, akwatin nan."

Bakin allurar da ta karye ne ya maƙale a bayan mazaunin ƙoshiya, inda ido ba ya kaiwa. Da an ƙara juyawa uku ko huɗu da ya karce ƙarfen, keken ya yi ta cin zare har abada. Kafin a kai gare shi sai an kwance ƙananan sukurori biyu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, a ɗage wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke danne da su. Hannun hagu ya danne ƙarfen, dole na dama ya juya sukundireba. Wannan karon Mama na tsaye, hannunta busasshe. Auta na tsaye, wayarta na jaka. Baba bai nemi taimakon kowa ba, su kuma ba wadda ta yi gigin miƙa hannu.

Sukundireba ta zame sau ba adadi. Sukuru na farko ya fita ya faɗi ƙasa, Auta ta tsinto ta ajiye a murfin gwangwani. Rana ta bar wannan taga ta koma waccan. Mama ta kawo abinci ya huce a inda ta ajiye. Wajen la'asar Baba ya zura ɗan hantsaki, ya lalubo, ya zaro wani abu da da kyar ake ganinsa, ya ce Auta ta buɗe tafinta. Ya ɗora mata.

"Wannan kam ba aikinki ba ne," ya ce. "Wayonki bai kai nan ba."

Mayarwa ta fi kwancewa wuya. Sukuru na biyu sau shida yana kuɓuce wa yatsunsa, a na bakwai ya shiga raminsa. Ya ɗaure, ya ɗiga mai, ya tayar da kan keken, ya sa ƙyalle, ya juya. Ba ƙyas, ba tsallake, ɗinki ya tafi siriri a miƙe. Ya kara kunne ya saurara har sai da ya gamsu.

Sannan ya jingina da kujera, ya ɗora hannun a kan teburi. Rawa yake yi, baƙin mai ya shiga ƙarƙashin farata. Baba ya yamutsa fuska.

"Hannun nan ciwo yake mini."

Mama ta zabura. "Ciwo? A ina? Auta, kira likitar nan!"

"Wace likita kuma? Zauna, ke dai." Ya buɗe yatsun a hankali, ya rufe, yana kallonsu. "Gajiya ce. Na san ta, mun daɗe tare."

Auta ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta fita, ta bar su suka zo tare. Murna ce tsantsa, ba ta ɓoye ba.

"To in kin gama," in ji Baba, "ɗora mini ruwan zafi in gasa shi. Kuma ƙarfe nawa kuke buɗe shago? Gobe tare za mu fita. Na daina yarda da keken da aka kawo mini gida, ni zan bi layin in ji su da kunnena."